Allurar Ƙarfe Sha Biyu

"Sha biyu da minti ashirin da biyar," in ji Mai Agogo. Ya ɗago hannu daga kan gado ya juyo mini da fuskar agogonsa. "Duba da idonki, kada a ce sharri nake yi musu. Jiya sai ɗaya saura kwata. Shekaranjiya ɗaya da rabi. A ɗakin nan lokaci ba shi da mai shi."

Ina tsaye da kular abinci a hannu. Matarsa, wadda nake kira Yaya, ta kwana uku a barandar asibitin har ƙafafunta sun kumbura, shi ya sa na kore ta gida ta yi wanka ta miƙe bayanta, na ce ni zan kai na rana. Shekara ashirin da biyu katanga ɗaya ce tsakaninmu. Ni ina ɗinki a zaurena, shi yana gyaran agogo a nasa, kuma babban agogon bangonsa ne yake faɗa mini lokacin ɗora tukunya.

Ciwon suga ne da shi. Ƙwayoyi yake sha a gida shekara da shekaru, sai da ƙusa ta soke shi a ƙafa, wurin ya ƙi warkewa, aka kwantar da shi aka mayar da shi kan allura. Dokar likita ɗaya ce: kada ya sa komai a baki sai an yi masa allurar. To ga abinci, ga yunwa, mai allura kuwa tana can ƙarshen ɗaki.

Gado talatin da biyu ne a ɗakin, nas ɗaya da rana. Sista suke ce mata, wata doguwa mai gajiyayyun idanu. Tana tura teburin magani mai taya, fayil-fayil ɗin majinyata jibge a kansa, ta fara daga gado na ɗaya. Mai Agogo yana na ashirin da tara. Tayar teburin ɗaya tana ƙara, da ƙarar yake auna nisan Sista.

"Tana na bakwai," ya ce. "Kafin ta iso na zama tarihi."

Ni kuwa akwai wani ciwo da nake ɗauke da shi wanda babu likitan da ya taɓa gano shi: ina da 'ya nas. Tun ranar da Auta ta sa fararen kaya na zama ƙaramar likita a layinmu. Kowa ya kwanta asibiti sai an zo an ce, "Ki yi wa Auta magana." Ni kuma in gyara mayafi in ce an gama. Ina jin daɗin abin, ba zan ɓoye ba.

Na ciro waya.

"Auta, kina ina?"

"Ina bakin aiki, Umma. Ɗakin yara."

"Babanki Mai Agogo yana nan, yunwa za ta kashe shi. Zo ki yi masa allurar nan ya ci abinci."

"Umma, ba ɗakina ba ne. Ba a yin haka."

"Lokacin da yake ɗaukarki a kekensa ya kai ki makaranta, makarantarsa ce?"

Na san inda zan taɓa, ni na haife ta.

Ba a yi minti biyar ba sai ga ta da sauri, tana waige. Ta durƙusa ta gaishe shi. Maganin yana cikin durowar gefen gadonsa, a ƙaramin fulas mai ƙanƙara, don kowa shi yake sayen nasa ya ajiye. An manna filasta a jikin kwalbar an rubuta adadin da za a ja. Ta karanta sau biyu, ta ja, ta ɗaga sirinjin ta duba a haske, ta yi masa a damtse. Hannunta ko rawa bai yi ba, ni kuwa ina ta kallon na gadajen kusa ko sun gani.

"Sha biyu da talatin da uku," in ji Mai Agogo. "Ga nas, ga sauran."

"Baba, rufa mini asiri," ta ce ƙasa-ƙasa. "Idan babbar nas ta ji na taɓa majinyacin da ba nawa ba, na shiga uku."

Ta nemi fayil ɗinsa ta rubuta, yana kan teburin Sista. Sista kuwa ta ja labule a gado na takwas, ana jin wani yana ta kakarin amai a ciki. Wayar Auta ta yi ƙara, aka ce ta zo maza, wani yaro yana jijjiga. Ta kama hannuna ta ja ni gefe.

"Umma, ki faɗa wa Sista na yi masa ta rana. Ita kaɗai, a hankali, ta san ni. Da bakinki za ki faɗa mata, ta rubuta. Don Allah kada ki manta."

"Ni yarinya ce? Je ki."

Ta tafi da gudu-gudu. Na zuba masa abinci, ya yi cokali uku ya ture. Ya ce ya huce, kuma warin ɗakin ya tayar masa da zuciya, zai ci sauran an jima. Na rufe kular na ajiye masa a kan durowa.

Na je wurin Sista, wannan kam na je. Na tsaya a bakin labulen na ce, "Sista, dama wata 'yar magana ce."

Ko juyowa ba ta yi ba. Tana riƙe da kan mutumin da hannu ɗaya, roba a ɗayan.

"Mama, ba ki ga abin da nake yi ba? Masu jinya duk ku fita, za a goge ƙasa. Kullum sai an yi ta fama da ku."

Raina ya ɓaci. A gaban mutane, yarinyar da na yi jika da ita saura kaɗan. Na ce a zuciyata zan jira ta a baranda, in ta fito in faɗa mata, in kuma ƙara mata da cewa ni ma na haifi nas. Na jira minti goma, ko sha biyar. Rana ta buɗe, ga ɗinkin mutane na bari a kan keke, mai kayan za ta zo da la'asar. Sai na ce da kaina, mutumin da bakinsa ya fi nawa kaifi, wanda yake ƙirga wa nas-nas mintoci, ai ba ya bukatar lauya. In ta zo zai faɗa mata da kansa. Na gyara mayafina na nufi bakin titi na hau mota.

Wajen ƙarfe huɗu da rabi Yaya ta kira ni, muryarta har da fara'a.

"Ƙanwata, me kika zuba masa a abincin nan? Barci yake yi har da minshari. Kwana huɗu bai runtsa ba."

"Ai dama gajiya ce," na ce, ina cizon zare.

"Sai gumi yake ta yi. Ina nan ina masa fifita. Na ce wa na kusa su rage rediyo."

Haka ta zauna a gefensa awa biyu cur, tana goge masa goshi da gefen mayafinta, tana hana kowa tari mai ƙarfi. Sai ƙarfe shida da rabi, da nas ɗin yamma ta zo auna suga kafin abinci, ta girgiza shi bai motsa ba. Ta soki yatsansa ta duba na'ura, ta saki fayil ta ruga neman likita. Aka ɗura masa ruwan suga ta jijiya, kwalba bayan kwalba. Sugan ya dawo daidai, amma shi bai dawo ba.

Washegari da safe na je. An ja masa labule, an sa masa robar iska a hanci, an cire agogon hannunsa an bar farin zobe a fatar wurin. Yaya ta fita karɓo magani. Na gado na talatin, wani magini da ya faɗo daga bene aka rataye masa ƙafa, ya yafito ni.

"Mama, ba ke kika kawo abinci jiya ba?"

"Ni ce."

Ya duba hagu da dama.

"Sau biyu aka yi wa tsohon nan allura. Ni dai na gani."

Na dafa ƙarfen gadonsa.

"Bai faɗa mata ba?"

"Ya faɗa. Ta iso ɗaya da minti goma, ita da babbar nas, suna zagaye tare. Ya ce, ''Yata, an riga an yi mini.' Ta buɗe fayil ta ce babu a rubuce. Ta ce duk haka kuke cewa saboda tsoron allura. Ya sake cewa an yi masa. Sai babbar ta matso ta ce, 'To Baba, wa ya yi maka? Faɗi sunanta.'"

"Sai ya ce me?"

"Bai ce komai ba. Ya kalle su, ya kalli ƙofa. Can sai ya yi 'yar dariya ya ce wataƙila ta jiya yake tunawa, tsufa ne. Ya naɗe hannun riga ya miƙa."

"Kai kuma kana kallo?"

"Mama, ni da ƙafata ke rataye a hannunsu? Kuma ni ina na san abin yana kisa? Shi ma bai sani ba. Bayan sun wuce har ce mini ya yi, ƙari ai ba ya ɓaci, yau suga zai san ya gamu da gamonsa."

Na fita baranda na zauna a kan benci. Mutane suna wucewa da fulas da bokitai. Ban yi kuka ba, abin ya fi ƙarfin kuka.

Da yamma Auta ta dawo gida, ko takalmi ba ta cire ba ta tsaya a gaban kekena.

"Umma, na duba fayil ɗinsa. Allura ɗaya ce a rubuce, ɗaya da minti goma, da sa hannun Sista. Ni sha biyu da rabi na yi tawa. Kin faɗa mata?"

Na so in ce na faɗa. Har kalmar ta zo bakina. Amma idanunta irin na ubanta ne, ba a yi musu ƙarya a zauna lafiya. Na ba ta labarin labule, da na baranda, da abin da magini ya faɗa. Da na zo wurin da aka ce ya faɗi sunanta ya ƙi, sai ta zame ta zauna a ƙasa cikin ƙyallayen ɗinki, da fararen kayanta.

"Gobe zan je in rubuta rahoto," ta ce bayan wani lokaci.

"Ki rubuta me?"

"Abin da ya faru. Akwai takarda da ake cikewa. Don kada a sake."

"A ina kika taɓa ganin wadda ta cike takardar nan ta ci gaba da aiki?"

Ita ma ta sani. Bara wata abokiyar aikinta ta kai kanta da kanta, ta ce ta yi kuskuren awon maganin wani jariri, ko da yake bai yi masa komai ba. Aka kafa mata kwamiti, aka karanta sunanta a taro, yanzu tana sayar da kayan kwalliya. Nas ɗaya a kan gado talatin da biyu kuwa, babu kwamitin da ya taɓa zama a kai.

"Za su karɓe takardar aikinki," na ce. "Sista ma za ta tafi. Shi kuma ba zai tashi ba. Mutumin nan ya rufe bakinsa don ke, ke kuma ki je ki buɗe naki?"

"Umma, ke kika kira ni."

"Na sani."

"Na ce miki ba a yin haka."

"Na sani, Auta."

Na kama ƙafarta, ni uwarta. Na roƙe ta da nonon da ta sha. Ta janye ƙafar a hankali ta shiga ɗaki. Ba ta rubuta rahoton ba, kuma tun daga ranar gaisuwa ce kawai take haɗa mu.

Ya rasu kwana biyu bayan haka, ƙarfe goma da 'yan mintoci na safe. Babu wanda ya duba mintocin daidai, mai dubawar ne a kwance. Babban ɗansu, direban babbar mota ne, ya iso daga tafiya idonsa jajir, ya ce sai an faɗa masa yadda ciwon ƙafa ya kashe mutum. Aka shigar da mu ofishin babbar nas, ni ma ina ciki, wai ni ce mai 'ya a asibitin, zan fi gane bayani. Ta buɗe fayil ta juyo masa da shi, tana bin layi da bayan biro.

"Ka gani. Kowace allura da lokacinta da sa hannu. Ba mu tsallake ko ɗaya ba. Shi suga haka yake, yana hawa yana sauka, balle ga tsufa, ga shi bai ci abincin kirki ba. Komai a rubuce yake."

Ya juyo gare ni.

"Umma, haka ne?"

"Haka suke cewa," na ce.

Takardar tsaf take, babu gogewa babu ƙari. Ban taɓa ganin abu mai tsabta da ya ba ni ƙyama kamarta ba. A hanyar fita muka yi kiciɓis da Sista tana tura teburinta, tayar tana ƙara. Ta ce mana Allah ya ba da haƙuri, idonta a ƙasa. Ko ta tuna cewa tsohon ya ce mata an yi masa, ko ba ta tuna ba, ita ta sani. Tana da sauran mutum talatin da ɗaya suna jiran ta.

Bayan mako biyu, da masu gaisuwa suka ɗauke ƙafa, Yaya ta shigo zaurena da hantsi. Ta rame, zanin jikinta har ya yi mata yawa. Ta zauna a kujerar masu kawo ɗinki, ta kwance bakin mayafi ta ciro wani ɗan akwati na kwali.

"Na Auta ne. A durowar shagonsa na gani, ya rubuta sunanta a jiki."

Na buɗe. Ƙaramin agogo ne irin wanda nas-nas suke maƙalawa a ƙirji, mai fil, fuskarsa a juye don mai shi ta karanta in ta sunkuyar da kai. Tsoho ne, amma ya goge shi yana ƙyalli, ya sa masa sabon gilashi. Yana tafiya.

"Tun kafin ya kwanta yake fama da shi," in ji Yaya. "Wai na waya ba agogo ba ne. Ki ba ta. Ki ce na gode, ta yi masa abin da 'yar cikinsa za ta yi. Ke ma na gode, Ƙanwata. Daga hannunki ya ci na ƙarshe."

Na ce ba komai. Ta shiga murza gefen mayafi.

"Abu ɗaya ne ya hana ni sakat," ta ce. "Likita ya ce da an tashe shi da wuri, da an ba shi ko cokali ɗaya na suga, da yanzu yana nan. Ni kuwa ina zaune a kansa awa biyu ina masa fifita. Har na ce a rage rediyo. Mutum yana tafiya a gabana, ni ina cewa a yi shiru kada a tashe shi. Shekara arba'in muna tare, ban iya bambance barcinsa da mutuwarsa ba." Ta ɗago ta dube ni. "Ni na kashe shi, ko?"

Ga ta nan a gabana, taku ɗaya. Magana ɗaya ce zan yi in sauke mata wannan dutsen, in ce Yaya, kafin ki iso an riga an gama, saƙo aka ba ni na tafi da shi gida saboda an ɗaga mini murya. Na buɗe baki. A igiyar tsakar gida fararen kayan Auta suna shanye, ina hango su ta ƙofa.

"Haba Yaya," na ce. "Kwana ne ya ƙare. Ki daina faɗar haka."

"Haka kowa yake cewa."

Ta dafa gwiwa ta miƙe. A bakin ƙofa ta tsaya ta ce in na samu sarari in rage mata zannuwanta, duk sun yi mata yawa. Na ce ta aiko da su.

Na ajiye wa Auta akwatin a kan teburin da take ɗaukar makullinta. Da safe ta buɗe, ta karanta rubutun jikin kwalin, ta mayar da murfin ta ɗauki makulli ta fita. Washegari ma haka. A rana ta uku na ɗauke shi na sa a durowar kekena, cikin zarurruka da maɓallai.

Agogunan shagonsa duk sun tsaya ɗaya bayan ɗaya, ba mai murza musu makulli. Na bangon ne kawai Yaya take hawa kujera tana murza wa makulli, yadda ta ga yana yi. Jiya ina rage mata zani na biyu sai ya fara bugawa ta bayan katanga. Na ɗauke ƙafa daga kan keke na jira ya cika sha biyu. Da ya yi shiru, sai na ji ƙaramin yana ta tafiya a cikin durowa.